Ci-rani A Bakin Teku: Abin Da Ya Kamata Mai Niyyar Epe, Ibeju-Lekki Ko Badagry Ya Sani

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa tudu, Ya hore teku, Ya rarraba arzikin bayinSa a tsakaninsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kowace shekara da zarar an ɗauke amfanin gona, hunturu ya kankama, za ka ga matasa da ƙunshin kayansu a Kwangila da Ɗan Magaji suna jiran motar Kurmi. Wasu daga nan Tudun Wada suke, wasu daga Gyallesu da Tudun Jukun, wasu kuma daga ƙauyukan Soba da Giwa da Kudan. A da, idan ɗan ci-rani ya ce Ikko zai tafi, an san inda zai yada zango: Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12. Yanzu lamarin ya fara sauyawa. Da dama daga cikinsu zarcewa suke yi gabas zuwa Ibeju-Lekki da Epe, ko yamma zuwa Badagry. Waɗannan ƙananan hukumomi uku na Jihar Legas har yau yawancin ƙasarsu karkara ce: ƙauyukan masunta, gonakin rogo da kwakwa, fadamu da tafkuna. Ibeju-Lekki da Badagry suna gaɓar Tekun Atlantika, garin Epe kuwa yana bakin Tafkin Lekki.

Abubuwa biyu ne suka karkata akalar matasan zuwa can. Na farko manyan ayyuka. A Ibeju-Lekki aka buɗe kamfanin takin zamani na Ɗangote a watan Maris na 2022, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023, sannan aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a kullum, ranar 22 ga Mayun 2023. A 2024 kuma aka fara shimfiɗa babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Duk inda ake irin wannan gini, ana neman lebura, mai gadi, ɗan garuwa, mai shayi, mai tsire da mai kayan miya. Na biyu kuwa doka ce. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na tsakiyar birni, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar. Masu babura da yawa sai suka gangara gefen gari.

Neman halal a nesa da gida ba abin zargi ba ne. Suratu Ƙuraishi ta lissafa fataucin hunturu da na bazara cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa mutanen Makka. Sai dai karkarar bakin teku tana da nata tsari, wanda ya bambanta da na ƙauyukanmu, ya kuma bambanta da na birnin Legas. A birni baƙo yakan ɓace cikin cunkoso. A ƙauyen masunta kuwa kowa ya san ranar da ka sauka da gidan da ka sauka, kuma halinka ake ɗora wa duk wanda ya zo daga inda ka fito.

Tsohuwar hanya ce

Alaƙar ƙasar Hausa da wannan gaɓa ta daɗe. A watan Disamba na 1825 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya taso daga Badagry, ya ratso ƙasar Yarabawa da Borgu, ya biyo ta Zariya a 1826 zuwa Kano da Sakkwato, inda ya rasu a Afrilun 1827. Tafintansa a wannan tafiya wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa suka laƙaba wa William Pasco. An taɓa sayar da shi bawa, sojojin ruwan Ingila suka 'yanto shi a teku. Badagry ta shahara a matsayin tashar lodin bayi, kuma cikin waɗanda aka tsallakar da su teku daga wannan yanki har da Hausawa Musulmi. Daga baya, da layin dogo ya haɗa Legas da Kano ta Zariya a 1912, sai fataken goro da na shanu suka kafa zanguna a garuruwan Yarabawa, kowane zango da Sarkin Hausawansa da limaminsa da masu gidan da ke saukar da baƙi.

Musulunci ma ya riga ɗan ci-ranin yau isa can. A Disambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas luguden wuta, Sarki Kosoko ya fice da jama'arsa zuwa Epe, kuma Musulmi suna da yawa cikinsu. Ko da ya koma Legas a 1862, wasu daga mabiyansa sun ci gaba da zama. Wannan ne ya sa garin yake da sarautu biyu har yau, Oloja na Ijebu 'yan asalin wurin, da Olu-Epe na zuriyar mutanen Legas, kuma cikin watan Muharram suke bikin Kayo-Kayo da ke tuna saukar Kosoko. Saboda haka wanda ya je Epe zai tarar da masallatai da makarantu da malamai, da ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen da aka kafa a Legas a 1923. Abin takaici ne a ga matasanmu sun keɓe kansu a 'yar rumfa suna salla, alhali ga masallacin unguwa a kusa, don kawai limamin da Yarabanci yake fassara huɗuba. Sahu ɗaya da mutanen gari shi ne mataki na farko na sanin juna, kuma ranar da wata rigima ta taso, wanda ya saba ganinka a sallar Asuba shi zai yi maka shaida.

Ƙasa da ruwa suna da masu su

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya ga daji ko rairayin gaɓa babu kowa, ya ɗauka fili ne na Allah. A can kusan kowane taƙi mallakar wani dangi ne tun kaka da kakanni, kuma kowane ƙauye da Baale, wato mai garinsa. Tun da farashin fili ya haura saboda manyan ayyukan nan, masu damfara suka yawaita. Akwai waɗanda ake kira omo-onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, da sukan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko su tare mai gini su ce sai ya biya kuɗin tona harsashi da kuɗin rufi. Ɓarnarsu ce ta sa jihar ta kafa dokar kare kadarori a 2016. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma filaye masu yawa a yankin Ibeju-Lekki gwamnati ta riga ta keɓe su don ayyukanta.

A nan dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, kuma ɗaya daga cikin magada ba shi da ikon sayar da rabon sauran ba da yardarsu ba. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Wanda zai sayi fili ya nemi lauya da mai safiyo, a binciki matsayin filin a ofishin filaye na jiha da ke Alausa kafin ya fitar da ko kwabo. Wanda rumfa kawai zai kafa ya nemi izinin mai wurin, a yanka masa haya, a rubuta. Ruwa ma haka yake. Masuntan Ijebu da Ilaje da Ogu sun san iyakokin wuraren sunsu, kuma wanda ya jefa taru inda ba a ba shi ba, fitina ya saya da kuɗinsa.

Yanayi daban, lissafi daban

A Zariya watan Agusta ne tsakiyar damina. A gaɓar Legas ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma yawansa ya zarce namu nesa ba kusa ba. Iska a jiƙe take kusan duk shekara. Ɗan kasuwar da ya saba ajiye wake ko masara ko busasshen barkono wata shida a rumbu, idan ya yi haka a Epe zai buɗe buhu ya tarar da fumfuna. Albasa takan ruɓe da wuri, gishirin da ke cikin iskar teku kuma yana cin kwanon rufi da babur da keken ɗinki. Ke nan jari a can yana son juyi da sauri: a sayo kaɗan, a sayar, a sake sayowa. Sauro ba ya ɗaukewa kamar yadda yake yi mana da hunturu, don haka gidan sauro da kuɗin magani suna cikin jarin tafiya.

Wasu ƙauyukan ba a isa gare su sai a kwalekwale, kuma yawancin matasanmu ba su iya iyo ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sa rigar kariya, hukumomi kuma sun hana tafiyar dare a ruwa. Ƙin sa rigar da sunan tawakkali jahilci ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah.

Abin da ke kaiwa da abin da ke komowa

Ginshiƙin cinikin shi ne kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Tumatir da attaruhu da tattasai na Hunƙuyi da fadamun Galma, albasa, wake, shanu da raguna suna gangarawa tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Mile 12 da sauran kasuwanni, daga nan masu sari su rarraba su har ƙauyukan gaɓa. Daga can kuma ana hauro da manja, kwakwar Badagry, garin rogo, bandar kifi da busasshen jatan lande. Kasuwar kifi ta Oluwo a Epe tana cikin mafiya shahara a jihar, kuma mata ne ke riƙe da ita, uwa ta gadar wa 'ya. Wanda bai iya girmama waɗannan iyaye mata ba, bai iya gaisuwa da ƙirga da Yarabanci ba, zai daɗe bai ga farashin gaskiya ba.

Akwai mu'amaloli uku da ya kamata mai cinikin kifi ya kiyaye. Ta farko, sayen abin da taru zai kamo tun ba a jefa shi ba, ko sayen kifin da ke cikin tafki. Malaman fiƙihu da wannan suke buga misalin garari, wato cinikin da ba a san abin da za a samu ba, kuma haramun ne. Ta biyu, a ranta wa masunci kuɗin mai ko na gyaran inji bisa sharaɗin ya sayar wa mai rancen kamunsa ƙasa da farashin kasuwa. Ƙa'ida ce sananniya cewa rancen da aka sharɗanta wa amfani riba ce, ko da an sa mata sunan taimako. Mafita tana cikin cinikin salam: a biya kuɗi tun farko, a ambaci nau'in kifin da girmansa da nauyinsa da ranar da za a kawo, ba tare da an rataya shi ga kamun wani kwalekwale guda ba. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin wa'adinsa kimanin kwana 15 ne idan a gari ɗaya za a karɓa. Ta uku, algus da tauye ma'auni: a jera manyan kifi ko lafiyayyen tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, ko a lotsa gindin mudu. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye ma'auni, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga mai algus a lokacin da ya tura hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa.

A ɓangaren Badagry jarabawar ta daban ce. Iyakar Seme da Jamhuriyar Benin tana nan kusa, kuma fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur ya zama sana'ar wasu. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu, kuma an rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mai kayan yana zaune a inuwa. Yaron da aka ɗora wa buhu uku a babur shi ke fuskantar harsashi, ko kifewar kwalekwale da dare, ko gidan yari. Kuɗin da ake biyansa bai kai ransa ba, bai kuma kai saɓa wa hukuma a abin da take da hurumin tsarawa ba.

Abinci da ibada

Tambayar da aka fi yi ita ce ta ƙaguwa da jatan lande da sauran halittun ruwa da ba mu saba da su ba. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, hadisi kuma ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A shekara ta 8 bayan Hijira rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, su kimanin 300, sun ci wani ƙaton kifi da teku ya jefo gaɓa, Annabi kuma ya amince da abin da suka yi. A kan haka Malikiyya suka halatta dukan dabbobin ruwa ba tare da yanka ba, Hanafiyya kuwa suka taƙaita a kan kifi. Wanda ransa bai so ba yana iya bari, amma ba shi da hujjar ƙyamatar mai ci. Alwala da wanka da ruwan teku ko na rijiya mai gishiri-gishiri sun inganta.

Game da ƙasaru, matafiyi yana yi a kan hanya tunda tafiyar ta haura mil 48. Amma da zarar ya isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ya cika sallarsa. Ɗan ci-ranin da zai yi wata biyar a Ibeju-Lekki ba shi da rangwamen ƙasaru ko na ajiye azumi da sunan tafiya, kuma ya halarci Juma'a tare da mutanen gari. Wanda lokaci ya riska a kwalekwale kuma ba zai kai gaɓa ba kafin ya fita, ya yi salla a ciki, a tsaye in zai iya, a zaune in yana tsoron faɗawa ruwa. Wanda zai kama aiki a kamfani ya yi maganar lokacin Azahar da Juma'a tun ranar ɗauka. Idan an ba shi minti goma, kada ya mayar da su awa guda, domin lokacin aikin da ake biyansa amana ce.

Haƙƙin maƙwabci

Tarihin kusa yana da darussa masu ɗaci. A Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu ta Jihar Ogun bayan zargin wata Bahaushiya da keta dokar hana fita ta bikin Oro. Rayuka da yawa suka salwanta, aka kuma yi ramuwar gayya a Kano kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A Maris na 2016 saɓani da wani ɗan acaɓa ya rikiɗe ya zama faɗan ƙabilanci a Mile 12 har aka rufe kasuwar. A Fabrairun 2021 irin haka ta faru a kasuwar Shasha ta Ibadan. Dukansu daga ƙaramin abu suka faro, kuma masu ƙaramin jari ne suka fi asara.

Har yau ana bikin Oro a wasu garuruwan yankin, kamar yadda masu Zangbeto ke fitowa a ƙasar Badagry. Musulmi ba ya shiga cikin waɗannan al'adu, ba ya kuma yarda da aƙidar da ke bayansu. Amma kauce wa hanyarsu a daren da aka sanar kiyaye rai ne, kuma aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada a rama da zagin Allah. Idan dokar ta ci karo da lokacin salla ko ta tauye haƙƙi, shugabannin Musulmin garin da hukuma ne za su yi magana, kuma sun saba yi. Baƙo ya fara kai kansa wurin Sarkin Hausawa, ya yi rajistar zama da hukumar LASRRA, ya riƙe katin shaidarsa, ya shiga ƙungiyar sana'arsa ya biya kuɗin da aka yanka. Masu sana'ar gwangwan su guji sayen waya ko ƙarfen gini da ba su san asalinsa ba, domin ɓarawo ɗaya yakan jawo a kori unguwa guda.

Mu mutanen Tudun Wada mun fi kowa cancantar fahimtar wannan. A zamanin Turawa aka yanka unguwarmu a wajen ganuwar Zazzau don baƙi 'yan Arewa. Kakannin da yawa daga cikinmu sun zo ne daga Kano da Katsina da Borno da ƙasar Nufe, suka zauna da mutunci har suka zama 'yan gida. Yadda muke so Bayarabe mai shago a Sabon Gari ya girmama al'adarmu, haka ya kamata ɗanmu ya girmama ta mutanen Epe. A gaɓar gabashin Afirka, daga Lamu zuwa Kilwa, da tsibiran Indunusiya, 'yan kasuwa ne suka fi yaɗa Musulunci, kuma gaskiyarsu a ciniki tana cikin abin da ya ja mutane gare shi.

Waɗanda aka bari a gida

Tafiya ba ta sauke nauyin ciyarwa. Akwai matan da mazansu suka yi shekara biyu ko uku a Kurmi, babu aike babu waya, har sai an kai ƙara gaban alƙali. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, bayan ya shawarci 'yarsa Hafsa, ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adin nesa da iyalansu, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Idan mai jihadi an yi masa wa'adi, ina ga mai neman kuɗi? A yau da ake tura kuɗi ta waya cikin minti ɗaya, uzuri ya yi ƙaranci. Kuma mai gona ya tuna cewa tafiyar da za ta hana shi shuka a farkon damina tana iya cinye ribar da ya samo.

Iyaye su ma suna da nasu nauyin. Kada a sallami yaro ɗan shekara goma sha biyar ya hau bayan tirela ba a san wanda zai karɓe shi ba. A tambaye shi: wurin wa za ka sauka, wace sana'a ka iya, yaushe za ka dawo? Wanda ya tafi da walda ko aikin lantarki ko tuƙin babbar mota, da takardar shaida a hannu, kamfani ne ke nemansa. Wanda ya tafi da ƙarfinsa kawai, ranar da gini ya ƙare aikinsa ya ƙare. Zariya tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, da ɗimbin masu sana'ar hannu a kowace unguwa. Shekara ɗaya ta koyo kafin tafiya tana iya sauya abin da matashi zai samu a shekara goma. Limamai da masu unguwanni kuma suna iya ajiye sunayen masu tafiya da inda suka sauka, su ƙulla zumunci da limaman can, don a san inda za a nema idan wani abu ya faru.

Allah Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a nemansu, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.